Darasi a Kan Yadda Aka Koya wa Bakteriya Sana'ar Haɗa Magani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona ranar da ruwan farko ya sauka, bayan ƙasa ta shafe wata shida ko bakwai tana gasuwa a rana, ya san wani ƙamshi da ke tashi daga turɓaya a wannan sa'a, ƙamshin da ke sa manomi ya tuna inda ya rataye fartanyarsa, uwargida kuma ta leƙa rumbu ta duba irin da aka keɓe tun kaka. Akasarinmu mun ɗauka ƙamshin nan na ruwa ne, ko kuwa na ƙasa, alhali bisa tahƙiƙin masana babban rabonsa na wasu halittu ne ƙanana ƙwarai masu zama cikin ƙasar, waɗanda ido ba ya riskarsu sai da madubin ƙara girma, waɗanda kuma aka raɗa wa danginsu suna Streptomyces. Su ne ke fitar da wani sinadari da ake kira jiyosmin, wanda hancin ɗan Adam ke ji ko da ɗan mitsitsi ne a cikin iska. Da su za mu buɗe darasinmu, domin daga gare su da 'yan'uwansu na kusa aka samo kimanin kashi biyu cikin uku na magungunan antibayotik da aka ciro daga halitta, irin waɗanda likita ke rubuta mana a takarda mu kai kantin magani.

Kafin mu yi nisa wajibi ne mu gyara wata fahimta. A bakinmu kalmar bakteriya ta zama ɗaya da ƙwayar cuta, wannan kuwa rashin adalci ne ga mafi yawansu, gama masu cutarwa kaɗan ne a cikin taron. Bakteriya ce ke juya madara ta zama nono a ƙwaryar Bafillatana, kuma bakteriya ce, wata mai suna Bacillus subtilis, ke mayar da kalwa ta zama daddawa bayan an dafa ta an lulluɓe. Mai karatu ya riƙe sunan wannan ta biyu da kyau, domin za mu sake gamuwa da ita a inda bai zata ba. A cikin ƙasar gona gwargwadon cikin cokalin shayi akwai bakteriya ɗaruruwan miliyoyi, iri-iri, dukansu suna neman abinci a wuri guda, saboda haka Allah ya hore wa wasunsu sarrafa sinadarai da ke hana maƙwabtansu yaɗuwa. Waɗannan sinadarai su ne ɗan Adam ya aro ya mayar magani.

Tarihin aron nan bai kai shekara ɗari ba. A 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Alexander Fleming ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin da yake kiwon bakteriya ta halaka waɗanda ke kewaye da ita, amma sai a 1941 Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu na Jami'ar Oksfod suka iya tace fenisilin har aka gwada shi a jikin majinyaci. A Amurka kuwa, a Jami'ar Rutgers, wani malamin ilmin ƙasa mai suna Selman Waksman ya duƙufa kan dangin Streptomyces, kuma a 1943 ɗalibinsa Albert Schatz ya gano sitireftomaisin, magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Daga nan kamfanonin magani suka bazama neman ƙasa, suna roƙon matafiya da ma'aikatansu na ƙasashe masu nisa su aiko musu da ƙunshin turɓaya daga duk inda suka taka.

Ƙunshin ƙasa daga Iloilo

Ɗaya daga cikin ƙunshin nan ya fito daga lardin Iloilo na ƙasar Filifin a 1949, ta hannun wani likita ɗan ƙasar, Abelardo Aguilar, wanda ke yi wa kamfanin Eli Lilly na Amurka aiki. A cikinsa aka ware wata bakteriya da a yau ake kira Saccharopolyspora erythraea, daga ita kuma aka sami eritromaisin, wanda ya fito kasuwa a 1952, ya zama abin dogaro ga ciwon huhu da tarin shiƙa da cututtukan fata, musamman ga mutanen da jikinsu ba ya karɓar fenisilin. Aguilar ya rasu a 1993 bai sami kaso daga ribar maganin ba, kuma ni a ganina irin wannan lamari yana cikin abubuwan da suka sa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Nagoya na Japan a 2010, a kan raba amfanin halittun wata ƙasa da mutanen ƙasar, ta zama haƙƙi da ya daɗe yana jiran a biya shi.

To, yanzu sai mu dubi zatin maganin, gama a nan mas'alar darasinmu take. Kowane abu a duniya an gina shi ne da zarra, wato ƙwayoyi mafiya ƙanƙanta, kuma kowane ɗigo guda na eritromaisin gini ne na zarra 118: na kabon 37, na haidirojin 67, na oksijin 13, da ta naitirojin guda ɗaya. Tsakiyar ginin zobe ne mai gaɓa 14, a jikin zoben kuma an rataya wasu nau'o'in sukari biyu waɗanda ba irin na rake ba ne, kuma idan babu su zoben ba ya kashe komai. Abin da ya fi wannan wuya shi ne cewa a gurabe 18 na ginin, abin da aka liƙa yana iya fuskantar dama ko hagu, tamkar takalmin dama da na hagu, waɗanda fatarsu ɗaya ɗinkinsu ɗaya amma ɗaya ba ya shiga ƙafar ɗaya. Idan aka ninka biyu sau biyu har sau 18, za a sami siffofi 262,144 da ginin zai iya ɗauka, a cikinsu kuwa siffa guda tak ita ce eritromaisin, ita ce kuma wadda bakteriyar Iloilo ke fitarwa.

Robert Woodward na Jami'ar Harvard, wanda ya sami lambar Nobel a 1965 kuma ake ƙirga shi cikin manyan gwanayen haɗa sinadarai na ƙarninsa, ya dubi wannan gini a 1956 ya yanke cewa sarƙaƙiyarsa ta fi ƙarfin ilmin lokacin. Daga baya ya ɗaura ɗamarar haɗa shi da hannu, ajali ya riske shi a 1979 aikin bai kammala ba, sai a 1981 almajiransa da abokan aikinsa, mutum kusan hamsin, suka wallafa cewa sun kai ga gaci. Nasara ce ta ilmi babba, amma ba hanya ce da za a cika kantin magani da ita ba, saboda yawan matakai da ƙarancin abin da ke fita a ƙarshe. Abin da malamai hamsin suka yi shekaru suna fama da shi, halittar da ba ta da ido ba ta da hannu tana yin sa cikin ruwa mai ɗumi a 'yan kwanaki. Sai hankalin masana ya koma ga wata tambaya dabam: ina ta rubuta sirrin sana'arta, kuma ko ana iya kwafe shi?

Littafin gado

A cikin kowace halitta mai rai akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda za mu iya kwatanta shi da littafin gado, domin a cikinsa aka rubuta yadda halittar za ta ginu da yadda za ta yi aiki, kuma shi take bar wa 'ya'yanta. Haruffansa huɗu ne kacal, masana suna nuna su da A da C da G da T. Kowane fasali na littafin, wanda ake kira ƙwayar gado, umarni ne na ƙera furotin guda, a cikin furotin kuma akwai wani rukuni da ake kira enzayim, waɗanda su ne masu sana'a na cikin jiki, masu yankewa da haɗawa da juyawa. Babban abin ajabi shi ne cewa rubutun iri ɗaya ne a mutum da gero da bakteriya, don haka fasalin da aka kwafo daga wata halitta wata tana iya karanta shi, kamar yadda littafin da aka kwafa a Timbuktu malamin Katsina ke buɗewa ya karanta ba tare da tafinta ba. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a Kalifoniya cewa ana iya yanko fasali a ɗinke shi cikin wani ƙaramin zoben DNA da ake kira filasmid, a tura shi cikin bakteriya ta karɓa ta yi aiki da shi. A 1978 aka sa bakteriya ta ƙera insulin irin na mutum, a 1982 kuma aka yarda a ba masu ciwon sukari.

Sai dai insulin furotin ne, umarninsa gajere ne, wanda ya kwafi umarnin ya kusa gama aiki. Eritromaisin kuwa ba furotin ba ne, kaya ne da enzayim masu yawa suka taru suka ƙera, kowane da matakinsa. Wanda yake so a yi rini a garin da ba a taɓa yi ba, bai wadatar ya kai musu rigar da aka rina ba. Sai ya haƙa karofi, ya kawo baba da toka, ya kawo marina da suka san lokacin da ruwa ya nuna, ya kawo mabuga, kuma idan ɗaya ya ɓace a cikin waɗannan, shuni ba zai kama ba. Haka mai son wata baƙuwar bakteriya ta yi antibayotik, sai ya ƙaurar mata da masana'anta ɗungurungum.

Abin da ya sauƙaƙa wannan nauyi shi ne binciken David Hopwood na Cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila, wanda ya ba da rayuwarsa ga nazarin wata bakteriya mai suna Streptomyces coelicolor, mai fitar da wani antibayotik shuɗi. A 1984 shi da Francisco Malpartida suka kwafo dukan ƙwayoyin gadon da ke yin wannan shuɗin sinadari a dunƙule, suka tabbatar da cewa fasalolin sana'a ɗaya a jere suke wuri guda a cikin littafin, ba a warwatse ba. A 1990 ƙungiyar Peter Leadlay a Jami'ar Kambirij, sannan a 1991 ta Leonard Katz a kamfanin Abbott na Amurka, suka karanta fasalolin da ke gina zoben eritromaisin, abin da suka gani kuwa ya canja ilmin fannin baki ɗaya.

Ga misalinsa. Mai karatu ya ƙaddara masu sana'ar tasbaha shida zaune a jere a rumfa ɗaya. Yaron rumfa ya miƙa wa na farko ƙwaya guda a zare. Na farko ya zura tasa ƙwayar, ya goge ta yadda aka umarce shi, ya juya ta dama ko hagu, ya miƙa wa na biyu. Na biyu ya zura tasa, shi kuma da irin gyaran da aka ɗora masa, ya miƙa gaba. Haka har na shida, wanda a bayansa akwai mai ƙulli da ke kama bakin zaren ya ɗaure shi da wata gaɓa ta can baya, ya zama zobe, ya sake shi. Haka ainihin aikin yake. Manyan furotin uku ne, kowane yana ɗauke da mazauni biyu, mazauni shida ke nan. Ƙwayar farko tana da kabon uku, kowane mazauni yana ƙara guntu mai kabon uku, jimla 21, kuma wani mazaunin yana barin oksijin ɗin guntunsa yadda yake, wani yana sauya shi, wani yana cire shi ɗungum. Jerin fasalolin a cikin littafin kuma daidai yake da jerin mazaunan a rumfa, har mai ilmi yana iya duban rubutun ya faɗi kamannin kayan da zai fito. Bayan zoben ya fita ne wasu enzayim dabam ke ƙara masa oksijin a gurbi biyu, su rataya masa sukarin nan biyu, su yi masa gyaran ƙarshe.

Baƙuwar da aka ɗauka aiki

Me zai sa a ƙaurar da masana'antar, tun da mai ita tana aikinta? Dalili shi ne bakteriyar ƙasa mai nawa ce wajen girma, tana ɗaukar kwanaki, kuma mai taurin kai ce wajen karɓar gyara a littafinta. Akwai kuwa wata bakteriya mai suna Escherichia coli, ana taƙaita sunanta E. coli, wadda likitan yara Bajamushe Theodor Escherich ya bayyana a 1885, mazauniyar hanjin mutum da dabba. Wasu nau'o'inta suna kawo gudawa, amma waɗanda ake kiwo a ɗakin gwaje-gwaje an daɗe da horar da su, ba sa cutarwa. Idan ta sami abinci da ɗumi tana rabuwa biyu cikin minti ashirin, ta yadda guda ɗaya za ta haura miliyan biyu cikin sa'a bakwai, kuma babu wata halitta da masana suka san cikinta da wajenta kamar ita. Gwajin da zai ci wata guda a jikin bakteriyar ƙasa, a jikinta sai ya ci mako ko ƙasa da haka.

Wanda ya jagoranci ƙaurar shi ne Chaitan Khosla, ɗan asalin Indiya, malami a Jami'ar Stanford. A 1994 ya fara ƙaurar da rumfar zuwa Streptomyces coelicolor, wadda dangi ce ta kusa, aikin ya yi. Kai ta gidan E. coli kuwa ya zo da cikas a kan cikas. Kowane ɗaya daga manyan furotin ukun yana da gaɓoɓi fiye da dubu uku, wato ya ninka furotin ɗin da E. coli ta saba ƙerawa wajen sau goma, kuma a zafin digiri 37 da ta fi so sai su cukurkuɗe su dunƙule ba su naɗu yadda ya kamata ba. Maganin wannan shi ne a sauke zafin zuwa wajen digiri 22, ta yi aikin a hankali. Da aka samu suka naɗu, sai ga masu sana'a zaune a rumfa amma babu hannu, domin kowane mazauni yana bukatar a ɗaura masa wani dogon hannu na sinadari da zai riƙe zaren ya miƙa gaba, enzayim ɗin E. coli kuwa bai san yadda ake ɗaura wa baƙi wannan hannu ba. A nan aka koma ga tsohuwar abokiyarmu ta tukunyar daddawa, Bacillus subtilis, wadda ke da wani enzayim mai suna Sfp da ba ya zaɓen wanda zai ɗaura wa hannu. Aka kwafo ƙwayar gadonsa aka dasa a littafin E. coli. Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani kaɗan, cewa irin halittar da iyayenmu mata suka yi ƙarnoni suna kiwo a cikin kalwa ba tare da sun san sunanta ba, ita ce ta ba da mabuɗin da ya buɗe wannan ƙofa.

Saura kayan aiki. Guntayen nan masu kabon uku da mazauna shida ke zurawa, E. coli ba ta tanadinsu a siffar da ake bukata. Sai aka riƙa zuba mata wani sinadari mai arha da ake kira furofiyonet a cikin abincinta, aka aro mata enzayim daga Streptomyces coelicolor mai juya shi ya zama guntun da ake so, sannan aka goge fasalolin da take amfani da su wajen cinye furofiyonet ɗin a matsayin abinci, domin kada ɗan aike ya cinye saƙo a hanya. A 2001 mujallar Science ta wallafa sakamakon, da sunan ɗalibin Khosla, Blaine Pfeifer, a kan gaba: E. coli ta ƙera zoben eritromaisin.

Zobe ba tare da sukarinsa ba kuwa, kamar yadda muka faɗa, kube ne babu wuƙa. Pfeifer ya ci gaba da aikin bayan ya zama malami a Jami'ar Tufts, yana ƙara fasalolin da ke ƙera sukarin biyu da masu rataya su da masu gyaran ƙarshe. Akwai kuma wata mas'ala mai daɗin nazari: eritromaisin yana kashe bakteriya ne ta hanyar toshe ribosom, wato injin da take ƙera furotin da shi, to yaya mai yin maganin ba ta kashe kanta? Amsa ita ce bakteriyar Iloilo tana da wata ƙwayar gado da ke yi wa ribosom ɗinta ɗan gyara a daidai gurbin da maganin ke kamawa, sai ya rasa wurin zama. Wannan garkuwa ma sai da aka kwafo wa E. coli. A 2010 Pfeifer da abokan aikinsa suka ba da sanarwar cewa E. coli ta ƙera cikakken eritromaisin, kimanin miligiram 10 a kowace lita.

Gaskiya ta wajaba a kan adadin nan. Ƙwayar magani guda mai miligiram 500 za ta bukaci lita 50 na ruwan kiwon, wato jarka biyu manya, alhali bakteriyar asali, wadda kamfanoni suka yi shekaru suna zaɓen mafi hazaƙa a cikin zuriyarta, tana ba da giram da dama a lita ɗaya. Saboda haka eritromaisin da ke kantunanmu a yau daga hannun mai sana'ar asali yake fitowa, a cikin manyan tankunan ƙarfe, kuma wanda ya ce maka E. coli ta karɓe kasuwar ya yi gaggawa.

Fa'idar aikin tana wani wuri. Rumfar da ka ƙaurar da hannunka, ka san kowane mazauni a cikinta, kana da ikon sauya mai sana'a guda ka ga abin da zai fito. A 2015, bayan Pfeifer ya koma Jami'ar Buffalo, ƙungiyarsa ta sassauya enzayim ɗin da ke ƙera ɗaya daga cikin sukarin, ta sami sababbin siffofin eritromaisin 42, uku a cikinsu suka kashe wata bakteriya da ta riga ta gagari eritromaisin na asali a gwajin faranti. Tsakanin gwajin faranti da gadon asibiti akwai tafiyar shekaru, kuma mafi yawan sinadaran da suka kama hanyar ba sa isa, amma an nuna cewa ƙofar tana buɗuwa.

Fa'ida ta biyu ta fi wannan girma a wurina. A 2002 aka karanta littafin Streptomyces coelicolor daga farko har ƙarshe, sai aka tarar da rumfunan sana'a fiye da ashirin a rubuce, alhali kaɗan ne daga cikinsu aka san abin da suke ƙerawa duk da shekarun da aka yi ana nazarinta. Sauran a rufe suke, ba sa buɗewa a ɗakin gwaje-gwaje. Bugu da ƙari, mafi rinjayen bakteriyar ƙasa sam ba sa yarda su girma a faranti. Wanda ya iya kwafar fasali ya ba wata ta karanta, ba ya bukatar mai littafin ta yarda. Da wannan dabara Sean Brady na Jami'ar Rockefeller da ke New York ya tatso DNA kai tsaye daga samfurorin ƙasa fiye da dubu, ya zaɓo wata rumfa da ba a sani ba, ya dasa ta cikin wata Streptomyces mai sauƙin kiwo, a 2018 kuma ya bayyana sababbin antibayotik da ya kira malasidin, waɗanda suka warkar da gyambon fata a jikin ɓeraye.

Na san akwai mai karatu mai tsoron Allah da zai tambaya ko wannan ba shisshigi ba ne a cikin halitta. Hukuncin shari'a na malaman fiƙihu ne, ba na mai wannan darasi ba. Abin da zan iya bayyanawa shi ne surar aikin, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa: masanan nan ba su ƙagi rai ba, ba su ƙagi harafi guda na littafin ba, sun ɗauko abin da ke nan ne suka haɗa da abin da ke nan, kusa da yadda mai lambu ke yi wa mangwaro aure, ya ɗaura reshen mai zaƙi a kan gindin mai ƙarfi. Su kansu sun ji tsoron abin da ke hannunsu tun da wuri, har suka taru a Asilomar ta Kalifoniya a 1975 suka shimfiɗa sharuɗɗan tsare irin waɗannan halittu a ɗakin gwaje-gwaje, kuma tsoron nan yana da kyau ya dawwama.

Abin da ya shafe mu

Kada a ɗauka labarin nan na mutanen nesa ne kawai. A 1980 masana na kamfanin Pliva a birnin Zagreb suka yi wa zoben eritromaisin gyara, suka saka masa zarrar naitirojin, aka sami azitromaisin, wanda shi ake rabawa a garuruwanmu don yaƙar tarakoma, ciwon idon nan da ke juyar da gashin ido ciki yana kankarar ƙwayar ido har mutum ya makance. A wani babban bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a Nijar da Malawi da Tanzaniya, an riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar azitromaisin sau biyu a shekara, a ɓangaren Nijar kuma, a jihar Dosso, mutuwar yara ta ragu da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Jikan ƙunshin ƙasar Iloilo ke nan yana ceton 'ya'yan Boboye da Loga na jihar Dosso. Masu binciken kuma sun ga cewa a garuruwan da aka raba maganin, bakteriyar da ta gagare shi ta ƙaru.

Yadda hakan ke faruwa mun riga mun gan shi. Garkuwar nan da mai yin magani ke kare ribosom ɗinta da ita, irinta tana yawo a tsakanin bakteriya, suna miƙa wa juna a kan filasmid, har ta isa ga masu cutarwa. Duk lokacin da aka sha magani, marasa garkuwa su mutu, masu ita su gaje fili. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945 cewa shan fenisilin ƙasa da ƙima zai horar da ƙwayoyin cuta su jure masa. Wata ƙididdiga da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa ta nuna cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta gagari magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara. Raina yana ɓaci idan na ga mai talla a tasha yana ƙirga wa mutum kafso biyu don mura, wadda antibayotik ba ya taɓa ta ko kaɗan, ko na ga an zuba shi a ruwan kaji ba ciwo ba dalili, domin na san cewa daga karanta fasalolin zoben a 1990 zuwa cikakken magani a jikin E. coli a 2010 shekara ashirin aka yi, ita kuwa bakteriya minti ashirin take bukata ta haifi sabuwar zuriya.

Aikin gida kafin zama na gaba: kowane ɗalibi ya nemi kwalin antibayotik da ya ƙare a gidansa ko gidan maƙwabci, ya zo da shi aji, mu karanta sunan da ke rubuce da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani. Wanda ya ga suna mai ƙarewa da haruffan mycin, kamar Erythromycin ko Azithromycin ko Streptomycin ko Neomycin, ya sani asalinsa daga dangin Streptomyces ne ko makusantansu. Wanda ya ga micin da harafin i, kamar Gentamicin, wannan daga wani dangi ne na bakteriyar ƙasa mai suna Micromonospora. Wanda kuma ya ga cillin, kamar Ampicillin ko Amoxicillin, to zuriyar fumfunar Fleming ce. A rubuta sunan a littafi, da adadin miligiram, da yawan kwanakin da likita ya ce a sha, da yawan kwanakin da aka sha.